Matar da Ta Toshe Jiniya

Akwai wata kwaleji, a cikinta akwai wani bene, a saman benen kuma, inda baranda ke ƙarewa ta bar mutum da bango, akwai ɗakin da ake koyar da tarihi. Wanda ya gina ɗakin bai yi shawara da rana ba. Da safe duhu, da yamma kuwa haske ya shigo ya zauna a kan allo har rubutun alli ya daina ganuwa. A kusurwa akwai ƙwallon taswirar duniya da ya taɓa faɗowa daga kan kabad, wani babban teku ya lotsa ciki. Tun daga ranar, in an juya shi sai ya yi ɗingishi, ya dawo ya tsaya da lotsattsen tekun yana kallon ƙofa.

Malamin ɗakin, ɗalibai ba sa kiran sunansa. Malam Inji-Wa suke ce masa, domin ko cewa ka yi gari ya waye, yana iya ɗaga gira ya tambaye ka in ji wa. Dogo ne siriri, aljihun rigarsa kullum fari da garin alli. A ɗakin nan ya fara aiki da baƙin gashi, a nan kuma furfura ta same shi. Karatunsa ɗaya ne, yana ta juya shi shekara da shekaru: tarihi ba a takarda kaɗai yake kwana ba, yana kwana a bakin tsofaffi, kuma tsofaffi ba sa jiran kowa.

Saboda haka duk shekara yakan tura ɗalibansa unguwar da ke bayan kwalejin, in an tsallake kwalbati. Unguwar ma'aikatan masaƙa ce. Masaƙar ta mutu tuntuni, an kwashe injunan, tantabaru sun gaji rufin. Abin da ya rage a tsaye shi ne hasumiyar ƙarfe mai tsani a jikinta, da tsohuwar jiniya a can ƙololuwa, baki buɗe kamar mai hamma. Ɗalibai su tafi da rikoda, su zauna da tsofaffi, su dawo su kwafe abin da aka faɗa a takarda. Dokar Malam kuwa sananniya ce: "Ku rubuta amsa kawai. Tambaya ai mu muka yi ta, mun san ta. Kada ku cika mini takarda da surutunku."

Labarin da yake bi shi ne wannan. A zamanin da masaƙa ke raye, jiniyar ce ke tayar da unguwa da asuba. Wata safiya ba ta yi kuka ba. Ma'aikata suka makara, da suka farka suka fito ƙofar gida suna kallon juna, rana ta riga ta ɗaga, kuma ba wanda ya ɗauki hanyar aiki. Haka dogon yajin aikin nan ya fara, wanda ya sa aka rage musu awannin tsayuwa a gaban inji. Takardun masaƙa ba su faɗi abin da ya hana jiniyar kuka ba. Tsofaffin unguwa ne suka faɗa: wata mata ce ta hau tsanin kafin asuba, ta cire ɗankwalinta ta toshe bakin jiniya.

Kowace shekara matar sai ta ƙara fitowa fili, kamar mai tahowa daga nesa. Wasu ɗalibai suka dawo da cewa ɗankwalin kore ne. Na bayansu suka ce ba takalmi a ƙafarta. Wasu suka ji cewa ta bar goyonta a gindin hasumiya hannun maƙwabciya. Daga ƙarshe wata ɗaliba ta hau benen tana haki, ta ce ta samo 'yar matar, tsohuwa ce mai keken ɗinki a bakin lungu. Malam ya rubuta labarin, aka buga, malamai daga wasu kwalejoji suka riƙa zuwa a nuna musu hasumiya. Shi da ba ya yarda da komai, wannan ya yarda da shi, domin bakuna da yawa ne suka faɗa, kuma ba su saɓa wa juna ba.

To, shekarar ajiye aikinsa ta zo. Kwaleji ta ce zai yi laccar bankwana a babban zaure, a gaban ɗalibai da baƙi da mutanen unguwa, kuma kowa ya san a kan matar nan zai yi magana. An aika wa tsohuwa mai ɗinki da gayyata, an ce kujerarta na sahun gaba.

Ana saura 'yan kwanaki, shugabar sashen tarihi ta leƙo ɗakinsa da rana. Tana cikin ɗalibansa na farkon fari, ta tafi ƙaro karatu ta daɗe, ta dawo ta zama shugabarsa, amma har yanzu ba ta zama a gabansa sai ya ce ta zauna.

"Malam, ina fatan za a ambaci ɗankwalina a laccar nan," ta ce tana dariya. "Ko sau ɗaya ba ka taɓa gode mini ba."

"Wane ɗankwali, Shugaba?"

"Koren nan mana. Wanda ka ara."

Ya cire tabarau ya dube ta.

"Au, ka manta? Shekararmu ta farko. Wani ya tambaye ka me ya hana jiniya kuka, ka ce ba mu sani ba, amma mai bincike yana farawa da a ce. Ka ce, a ce wuta aka ɗauke. A ce mai gadi ne barci ya sace. A ce wata mata ce ta hau ta toshe ta. Sai ka waiga, ka ga ɗankwali rataye a jakata, ka zare shi ka cusa a bakin wata taswira da aka naɗe kamar bututu, wai ita ce jiniya. Muka yi ta dariya har malamin lissafi ya buga bango."

"Daga nan fa?"

"Daga nan washegari muka shiga unguwa. Wuta da mai gadi kowa ya manta da su, ɗankwali ne ya zauna mana a kai." Ta ga fuskarsa, dariyarta ta fara janyewa. "Malam, ni na ɗauka ka sani. Da na dawo na tarar labarin ya girma, na ce ashe misalin Malam faɗawa ya yi daidai kan gaskiya. Har ina ba ɗalibai labarin basirarka."

Ya miƙe ya buɗe kabad ɗin da ƙwallon duniya ya taɓa faɗowa daga kansa. A ƙasa akwai kwalaye cike da kasakasan hirar da ɗalibai suka naɗo, kowanne da shekararsa a goshi. Bai taɓa saurarensu ba, tunda ga amsoshin nan a takarda, tsaf. Ya aro tsohuwar rediyo mai cin kaset daga ɗakin ajiya, ya hure ƙura, ya sa na farko.

Kaji ne suka fara magana, sannan muryar wani saurayi, cike da ladabi: "Baba, wai gaskiya ne wata mata ce ta toshe jiniya da ɗankwali?" Wani tsoho ya yi tari, ya ce, "To, ɗana, ana iya yin haka. Matan wancan lokaci ba su da tsoro." A takarda kuwa, Malam ya tuna sarai, abin da aka rubuta shi ne matan lokacin ba su da tsoro, mace ce ta yi.

Ya sa na shekara ta gaba. Tambayar dai ita ce, amsar ta ɗan yi ƙiba: "Haka muka ji." Ya tsallaka gaba. "Inna, kore ne ko?" "Kore ne, 'yar nan, kore shar." Ya tsallaka kuma. A nan ba a ma jira tambaya ba, tsohon da kansa ya ce, "Kun zo jin labarin mai ɗankwali ko? Ku zauna."

Malam ya kashe rediyon. Haske ya riga ya hau allo. Ya ji kansa kamar mutumin da ya yi ihu cikin rijiya yana saurayi, ya tafi yawon duniya, ya dawo da furfura ya tarar muryar na nan tana kewayawa, ya durƙusa da alƙalami yana rubuta abin da rijiya ta faɗa.

A gida ya tarar da matarsa tana kwashe shanya kafin hadari ya sauko. Ya tsaya riƙe da kwandon, ya ba ta labari tun daga tushe. Ta saurara da ƙyalle a kafaɗa.

"Wato kai ka haife ta," ta ce. "Ashe ina da kishiya a saman hasumiya ban sani ba."

"Ba abin dariya ba ne."

"Na ga alama. To wa ya sani? Kai da Shugabarka. Ita kuwa ko wuƙa aka sa mata ba za ta tona ka ba. Ka hau ka yi laccarka, a tafa, ka sauko mu huta. Wa labarin ya cuta?"

"Yaran da na kayar a jarrabawa saboda sun kawo magana ba majiya."

"Su ai sun yi aure sun manta da kai." Ta karɓi kwandon. Sannan ta ce, "Tsohuwar nan fa? Ita ce abin ji, baban yara. Kai takarda za ka rasa. Ita uwa aka ɗora mata a kan tsani, ka zo za ka sauko da ita a gaban jama'a."

Wannan maganar ce ta bi shi har washegari. Ya yi tunanin hawa mumbari ya faɗi labarin yadda aka saba, ya ji bakinsa ba zai buɗu ba. Ya yi tunanin faɗin gaskiya, ya ga tsohuwar a sahun gaba. Da hantsi ya tsallake kwalbati da ƙafarsa, ba rikoda, ba takarda.

Shagon ɗan ƙarami ne, ƙofarsa labule. Ƙyallaye sun taru a ƙasa kamar ganyen da iska ta share wuri ɗaya. Tsohuwar na kan keke, zare a leɓe, allurai a soke a gefen mayafinta. Ta girme shi, amma ƙafarta a kan feda ba ta san haka ba.

"A'a, Malam da kansa. Yau ba yaran aka aiko ba? Ture tsummokaran nan ka zauna. Rigar zuwa taronka nake ɗinkawa, ka ga ka sa ni aiki."

Ya zauna. Ya gaishe ta, ya tambayi jikoki, ya tambayi ƙafa, har gaisuwa ta ƙare ba sauran inda zai ɓuya. Sannan ya faɗa mata, bai rage komai ba: ajin farko, ɗankwalin ɗaliba, taswirar da aka naɗe, kasakasai.

Keken bai tsaya ba sai da ta kai ƙarshen layi. Ta ciji zaren ta tsinke.

"Wato aron uwa ka ba ni, yanzu ka zo karɓa."

"Ba uwar ba, Inna. Hawan kawai."

"Hawan kawai." Ta juya rigar. "Ka san jikata ta yi dambe a makaranta kan hawan nan? Wata ta ce ƙarya ne, ta kama ta da kokawa, aka fasa mata leɓe. Tabon na nan. Shi ma za ka karɓa?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Inna, ke kin gani? Ko ta taɓa faɗa miki?"

"Ina 'yar mitsitsiya lokacin, me zan gani? Yaranka ne suka zo suna neman wadda uwarta ke da koren ɗankwali. Maƙwabta suka nuno ni. Uwata kam tana da shi, wa ba ta da shi? Suka ce an ce ita ce. Yara masu ladabi, sun durƙusa, sun kunna abinsu suna jira. In ce musu a'a su koma hannu sake? Na ce to." Ta gyara zama. "Amma bari in faɗa maka abin da zai ba ka tsoro, Malam. Da farko na san to kawai na ce. Yanzu in na rufe ido ganinta nake a kan tsanin, har faso na diddigenta. Wannan kuma ba kai ka ba ni ba, ban san inda ya fito ba."

"Na sani," ya ce a hankali. "Ni ma ina ganinta."

"Uwata ko jiniyar ba ta taɓa ji ba. Kurma ce tun tana yarinya."

Ya ɗago. "Kurma? Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaya? Kowa ya zo, tsani, ɗankwali, tsani, ɗankwali. Ba wanda ya taɓa cewa, Inna, wace ce uwarki." Ta sa sabon ƙyalle ƙarƙashin allura. "Faɗa za ka yi a taron?"

"Zan faɗa. Shi ya sa na zo ki fara ji daga bakina."

"Ka kyauta wa kanka. Tashi ka ba ni haske, ka tare mini ƙofa."

"Za ki zo?"

Keken ya ci gaba da tafiya, shi ne kawai ya amsa masa.

Ranar lacca zaure ya cika. Fankoki na juyawa a sama ba sa kawo komai sai ƙara. Malamai a gefe, ɗalibai a baya, mutanen unguwa a tsakiya cikin kayansu na fita. Kujerar tsohuwa a sahun gaba ba kowa. Malam ya hau da tsohuwar rediyo a hammata, abin da ya sa ɗalibai suka fara murmushi tun bai buɗe baki ba. Yana cikin jera kasakasai a kan tebur ƙofa ta buɗe, tsohuwa mai ɗinki ta shigo cikin sabuwar riga, tana dafe da kafaɗar wata budurwa mai ɗan tabo a leɓe. Suka zauna. Ba ta dube shi ba.

Ya ce yau ba amsa ya kawo musu ba, tambayoyi ya kawo, waɗanda ya hana a rubuta tun farkon aikinsa. Ya kunna kaset na farko. Da kaji suka yi kuka aka yi dariya. Da tsohon ya ce ana iya yin haka, dariyar ta ragu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, zaure na jin yadda matar ke samun ɗankwali, ɗankwali na samun launi, ƙafa na rasa takalmi. Wani dattijo a tsakiya ya gane muryar mahaifinsa, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa, ba a san dariya yake ko kuka ba. Sannan Malam ya faɗi inda ɗankwalin ya fito. Shugabar sashe ta kafa idonta a kan takalminta.

Wani ɗalibi daga baya ya ɗaga hannu. "To Malam, wa ya hana jiniyar kuka?"

"Ban sani ba," in ji Malam. "Waɗanda suka sani, mun same su da rai, muka cika musu baki da namu labarin. Yanzu sun tafi."

Ya juyo wajen sahun gaba. "Akwai wata mata dai ta gaske, wadda ba mu taɓa tambayar labarinta ba. In 'yarta ta yarda, zan faɗi ɗan abin da na ji."

"Bar shi, Malam," tsohuwar ta ce daga inda take. "Kai in ka taɓa labari sai ya yi ganye. Ni zan faɗa."

Aka taimaka mata ta hau. Ta ture abin magana gefe, ta ce muryarta ta ishe ta.

"Uwata kurma ce," ta ce. "Ubana kuwa barcinsa ko rufi ya faɗo ba ya ji. To ita ce mai tashinsa aiki. Kullum kafin ta kwanta sai ta cika kwano da ruwa ta ajiye a bakin taga. Da asuba ta tashi ta zauna ta zuba masa ido. In jiniya ta yi kuka, ruwan sai ya yi rawa, ƙananan zobba su taso daga gefe su haɗu a tsakiya. Sai ta taɓa ƙafar ubana. Haka suka yi zamansu. Ranar nan na farka na gan ta zaune, ruwa kwance lum. Gari ya yi fari, ruwa bai motsa ba. Ta leƙa taga ta ga rana, ta san an makara. Ta dubi ubana, ta dubi hannuwansa da zaren inji ya yayyanka. Na matsa zan tashe shi, ta riƙe mini hannu. Ta ja mayafi ta rufe masa ƙafa. Wannan na gani da idona, ba wanda ya tambaye ni shi."

Malam ya sauko daga mumbari tun tana magana, don kada ya tsaya mata a baya kamar mai gadi. Ba kujerar da ta rage sai tata, ya zauna a kai. Budurwar da ke gefe ta janye gwiwarta daga kusa da shi, ba ta waiwayo ba. Idonta na kan kakarta, babban yatsanta na shafa leɓenta a hankali.